Wa Ya Ce Ba Su Isa Ba?

Daren jiya a teburin mai shayi, wani ɗan ajinmu ya kafe wai Turawan Ingila da dimokuraɗiyya aka haife su. Ni kam na ce masa a'a, ƙwatar ta aka yi da kaɗan-kaɗan, kuma kowane karo sai an samu wanda aka ce masa "kai ba ka isa ba tukuna."

Kafin gyaran dokar zaɓe na 1832, akwai wani kufai da ake kira Old Sarum, kusan ba kowa a cikinsa, amma yana da kujeru 2 a majalisa. Manchester kuwa, duk da masaƙunta da ɗimbin jama'arta, ba ta da wakilin kanta. Da mutanen garin suka taru neman wakilci a 1819, dakaru a kan dawaki aka tura musu, aka kashe fiye da mutum 10. Gyaran 1832 ɗin ma masu dukiya ya amfana, talaka ya ci gaba da kallo.

Mata sai a 1918 suka samu, shi ma wadda ta kai shekara 30, da sharaɗin dukiya, alhali namiji 21 ta ishe shi. Sai 1928 aka daidaita. Abin da ya fi ba ni dariya, har zuwa dokar 1948 mai digirin jami'a ƙuri'a biyu gare shi, ɗaya a mazaɓarsa, ɗaya ta jami'a. Mu 'yan poli da ake ta nuna mana bambancin HND da digiri, ai ba sai an yi mana fassara ba.

Tsarin firaminista da suka bar mana a 1960 ma haka ya zo da nasa gurbin: matan Arewa ba sa zaɓe. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a wannan gwagwarmaya, sai 1976 aka buɗe musu ƙofa.

Shi ya sa idan na ji ana cewa ɗan shekara 16 bai san komai ba, sai in yi tsaki. Birtaniya ta sauko zuwa 18 a 1969, Scotland ta bar 'yan 16 suka yi ƙuri'ar raba-gardama a 2014, sama ba ta faɗo ba. Ƙanwata shekararta 16, ita ke riƙe da lissafin shagon Mama, ta fi ni sanin farashin mudun shinkafa. In dai a kan tsadar rayuwa za a yi zaɓe, wallahi na fi yarda da ƙuri'arta a kan tawa.