Ruwan fari da ramukan kuza: Abin da ya kamata iyali su sani

A wannan makon za mu duba wata gurɓatar ruwa da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, harshe ma ba ya ɗanɗanawa.

Fiye da shekara 100 ana haƙar kuza a tsaunukan Jos har zuwa Tilden Fulani a ƙaramar hukumar Toro. Yashin da ake zubarwa bayan wanke kuza yana ɗauke da yuraniyom da toriyom, sinadarai masu fitar da radiyeshan. Kogin Gongola da na Jama'are kuwa daga waɗannan tsaunuka suke gangarowa jiharmu.

Yawan sinadaran a ruwa yana bin yanayi. A ƙarshen rani ruwa yakan ja baya, abin da ya narke a ciki sai ya ƙara yawa a kowane kofi. Idan ruwan fari ya sauka, sai ya kwashe tarin yashin zuwa rafuka, ruwa ya yi jajir. Da damina ta yi nisa sai ya tsarke. Laka kuma tana kwantawa a ƙasan tafki, tana taruwa shekara da shekaru, kuma ba ta lafawa da tsufa, domin yuraniyom yana ɗaukar shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya ƙare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada yuraniyom ya wuce maikirogiram 30 a litar ruwan sha, saboda yana taɓa ƙoda idan aka daɗe ana sha.

To, mene ne abin yi? Ruwan famfo na madatsar Gubi yana bi ta matatar ruwa kafin ya iso gidajenku, don haka ku fifita shi. Ku tambayi ɗan garuwa inda ya ɗebo. Idan kun kai yara hutu ƙauye, ku hana su sha ko wanka a ramukan kuza. Uwargida, ki sani tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta cire yuraniyom. Ruwa mai laka a sa masa alif ya kwanta, a tace, a zubar da na ƙasa. Maigida, kada ka sayi yashin kuza don gini.

Unguwar da ke shakkar rijiyarta ta nemi a gwada ruwan sau biyu, rani da damina, domin gwaji ɗaya ba ya nuna halin shekara.

Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mako mai zuwa.