Wasiƙar Baure: "Da Sauƙi" Ta Cuci Tsohon Soja

Zuwa ga Edita,



Ranar kasuwar Baure na gamu da wani maƙwabcina, tsohon soja, yana dogara sanda. Ya yi yaƙin Laberiya a rundunar ECOMOG a 1990. Ɗaukar kaya da doguwar tafiya cikin takalmin soja sun cinye masa gwiwa da baya da tafin ƙafa. Da za a sallame shi, likitoci suka tambaye shi jiki, sai ya ce, "Da sauƙi." Abin da suka rubuta ke nan, aka yanka masa kuɗin nakasa kaɗan. Yau ko ruku'u ba ya iyawa, a zaune ya ke salla.

Jama'a, wannan ba sabon abu ba ne. Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 sun ɗauki kaya a ka cikin dazuzzukan Bama daga 1943 zuwa 1945. Wanda harsashi ya sama, tabonsa shaidarsa. Amma ciwon gaɓa ba ya da tabo, sai ya bari mutum ya dawo gida sa'an nan ya kama shi.

To, a sani, likita ba ya auna zafi. Abin da ya ke aunawa shi ne iyakar lanƙwasar gwiwa da sunkuyawar baya, ya duba hoton ƙashi, kuma ya nemi shaidar cewa a bakin aiki ciwon ya samo asali. Saboda haka mai ɗaukaka ƙara ya tara katin asibitin soja, da takardar sallama, da sabon hoto. In an lanƙwasa ƙafarsa, ya yi magana daidai inda zafi ya fara, kada ya cije don a ce jarumi ne. Jarumtaka a fagen fama ta ke, ba a gaban likita ba.

Ku kuma malamai da akawuna na ƙasar Daura, galibin mutanen nan ba su iya rubuta takardar ƙara ba. Ku rubuta musu don Allah, ku nuna musu ofishin ƙungiyar tsofaffin soja, wadda aka kafa a 1964. Kada mu tuna da su ran 15 ga Janairu kaɗai.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.

Ni ne naka,
Mai Kallo, Baure.