Ɗan aji shida da aka haifa a 1905

Duk lokacin da ake haɗa takardun jarrabawar CEP ko BEPC, a Garwa ne ko Gider ko Pitowa, sai an ga kwanakin haihuwa biyu da ba su da ma'ana a jerin sunayen ɗalibai: wata rana cikin watan Yuli na 1905, ko kuma 01/01/1970. Mutane kan ce kwamfuta ta haukace. Ni dai ban yarda ba. Abin da aka ba ta ne ta karɓa, don babu wanda ya koya mata ta ce a'a.

Kwamfuta ba ta san kwanan wata ba, lamba kawai ta sani. Excel, wanda sakatarorin makarantu da masu shagon buga takardu suka fi amfani da shi, yana ƙirga ranaku ne daga 1 ga Janairu 1900. A wurinsa 1 ga Janairu 2010 ita ce 40179. To uba ya zo daga ƙauye, shekara kaɗai ya sani, ya ce 2012. Sakatare ya buga 2012 a gurbin kwanan wata. Sai na'ura ta ɗauka rana ta 2012 ake nufi, ta rubuta 04/07/1905. Shi ke nan, yaro ya girmi kakan kakansa. Manhajojin waya da na intanet kuwa da yawansu daƙiƙoƙi suke ƙirgawa daga tsakar daren 1 ga Janairu 1970. In aka bar gurbin babu komai, wata manhajar ta mai da shi sifiri, sifirin nan shi ne 01/01/1970.

Waɗannan ma da sauƙi, ido na kama su. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne 03/04/2012. A tsarin Faransa 3 ga Afrilu ne, a tsarin Amurka 4 ga Maris. Kwamfutocin da ake sayowa na hannu sau da yawa da saitin Amurka suke zuwa. Sai ranar ta wuce 12 ga wata sannan kuskuren ke bayyana. In ba haka ba, yana nan kwance har ranar da yaron zai nemi katin ɗan ƙasa ko fasfo, a ce masa takardar shaidar karatunsa da takardar haihuwarsa ba na mutum ɗaya ba ne. Daga nan sai zirga-zirga da kuɗin mota, wani lokaci har kotu, a kan talakan da da ƙyar ya samu takardar haihuwar tun farko.

Shi ya sa nake ganin nauyin farko yana kan matasanmu masu rubuta manhaja, waɗanda yanzu makarantu ke ba aiki. Bai isa a duba cewa abin da aka shigar lamba ce ba. Ɗan aji shida ba zai kai shekara 120 ba, ba a kuma haife shi gobe ba; layi biyu na umarni sun isa su tsayar da wannan. Gurbin da aka bari fayau a bar shi fayau, kar a mai da shi sifiri. Amma a yi hattara da wuce gona da iri: wanda aka haifa kafin 1970 lambarsa ƙasa da sifiri take, mai manhajar da ya hana irin wannan lamba ya kori dattijon da aka haifa a 1965.

Akwai kuma abin da ba laifin na'ura ba ne. Iyayenmu da yawa takardunsu cewa suka yi an haife su "wajejen" shekara kaza, wannan kuwa gaskiya ce aka rubuta. Manhajar da ta tilasta rana da wata tana sa sakatare ya ƙirƙiro 1 ga Janairu, mu kuma mun san matsayin shaidar zur a addininmu, ko da a takarda ce. A buɗe gurbin "shekara kaɗai" mana.

Ku kuma iyaye, in an miƙo muku takarda ku sa hannu, ku sa a karanta muku watan da sunansa, Afrilu ko Maris, a gwada da takardar haihuwa kafin a rufe rajista.