Sharhi: Shekarun da tsarin lafiya ya manta da su a rayuwar mace

A watan Nuwamban 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da cewa za ta cire mafi yawan gargaɗin da ta ɗora fiye da shekara 20 a kan magungunan homon da ake bai wa matan da al'adarsu ke shirin ɗaukewa. Labarin ya cika kafafen yaɗa labarai na Yamma, amma a Nijeriya ya wuce kusan shiru. Wannan shirun na nuna inda tsarin lafiyar ƙasar ya tsaida idonsa: yana kallon mace ne muddin tana ɗaukar ciki, da ta fara fita daga shekarun haihuwa sai ya kau da kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata na daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana tabbatar da ɗaukewarta ne bayan wata 12 a jere babu jini. Sai dai wahalar ta fi yawa a shekarun da ke gabanin haka, waɗanda kan ɗauki kimanin shekara huɗu, wasu matan har takwas ko fiye. A wannan tsakanin ma'ajiyar ƙwan mace ba ta daina aiki lokaci guda. Sinadarin estrojen kan hau ya sauka babu tsari, shi ya sa alamomin ke zuwa su tafi.

Abin da ke fara canjawa shi ne al'adar kanta: ta zo da wuri, ko ta tsallake wata biyu, ko ta zo da yawan da ba a saba ba. Sai zafi mai tasowa farat ɗaya daga ƙirji zuwa wuya da fuska, ya yi 'yan mintuna ya lafa. Sai gumin dare mai jiƙa zanen gado, da ƙauracewar barci, da faɗuwar gaba, da ciwon gaɓoɓi, da mantuwa, da saurin fushi ko kukan da mai shi ba ta san dalilinsa ba. Akwai kuma bushewar gaba mai sa kwanciyar aure ta zama azaba, wadda kunya ke hana faɗa. Binciken SWAN da ya bibiyi mata sama da 3,000 a Amurka tun daga 1996 ya gano cewa a cikin masu yawan fama da zafin nan da gumin dare, matsakaicin tsawonsa ya kai shekara bakwai da 'yan watanni, a wurin mata baƙar fata kuwa kimanin shekara 10.

A ƙasar Hausa kowace alama tana da fassarar da ke jiran ta. Zafin jiki a ce maleriya ce ko taifot, a je kemis a haɗo magani. Bushewa da ƙaiƙayi a ce sanyi ne. Faɗuwar gaba da firgita cikin dare a kai su wajen mai ruƙiyya. Sauyin hali kuwa a ce uwargida ta ƙaro masifa, musamman in ya dace da lokacin da maigida ya ƙaro aure, sai kowa ya yanke hukuncin cewa kishi ne. Ga ruɗanin ibada: mazhabar Malikiyya ta ƙayyade iyakar haila da kwana 15, don haka macen da jininta ya rikice takan rasa sanin ranar da za ta yi wanka ta koma salla da azumi. Takan kai tambayar ga malama a Islamiyya, amma da wuya wani ya ce mata ta ga likita.

Rashin sanin nan na da farashi. Mace na iya ɗaukar ciki a waɗannan shekaru, domin ƙwai na fita jifa-jifa, kuma cikin da aka ɗauka bayan shekara 40 ya fi haɗari. Zubar jini mai yawa na jawo ƙarancin jini, yana kuma iya ɓoye ƙari a mahaifa ko sankara. Duk jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada abin dubawa ne cikin gaggawa. Raguwar estrojen na raunana ƙashi tare da ƙara haɗarin ciwon zuciya, a daidai shekarun da hawan jini da ciwon suga ke bayyana.

Labarin magungunan homon ya nuna yadda fargaba ke daɗewa fiye da hujjar da ta haife ta. A 2002 aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka mai mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙaruwar sankarar mama da shanyewar ɓarin jiki. Miliyoyin mata suka daina shan maganin. Daga baya aka lura cewa matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne, kuma ga mai ƙoshin lafiya da ba ta kai 60 ba, amfanin maganin yakan rinjayi illarsa. Duk da haka bai dace da kowa ba, musamman wadda ta taɓa yin sankarar mama ko daskarewar jini, don haka ba abin saye a kemis ba ne sai da likita.

A Birtaniya matsin lambar mata ne ya kai batun majalisa. A 2022 wani kwamitin majalisar ya nemi a gwada ba da hutun aiki ga masu fama da alamomin, gwamnati ta ƙi a farkon 2023, amma a watan Afrilun shekarar ta fito da takardar da ke rage kuɗin maganin na shekara guda a Ingila zuwa ƙasa da fam 20.

Nijeriya kuwa ko ƙidayar ba ta fara ba. Babban binciken lafiyar al'umma na ƙasa, NDHS, yana tambayar mata masu shekara 15 zuwa 49 ne, wato wadda ta cika 50 ta fita daga lissafi. Alƙawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya bai taɓa cika ba a matakin tarayya, kuma fiye da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihun marasa lafiya yake fita. A ƙasar da ke sahun gaba a mutuwar mata wajen haihuwa, fifita masu ciki abu ne mai hujja. Amma gyaran farko a nan ba shi da tsada. Ƙa'idar likitocin Birtaniya ta ce ga macen da ta haura 45, alamomi kaɗai sun isa a gane halin da take ciki, babu buƙatar gwajin jini. Ke nan abin da ake buƙata shi ne a horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, a sa batun cikin ayyukan da asusun lafiya na dokar 2014 da inshorar dole ta dokar 2022 ke ɗaukar nauyi, a kuma ba shi gurbi a shirye-shiryen lafiya na gidajen rediyo.

Matan da ake magana a kansu su ne iyaye da yayye da gwaggonnin matasan da ke muhawarar kasafin kuɗi a intanet. Su ne malaman makaranta da ungozomomi da 'yan kasuwar da ke riƙe da gidaje, su ne kuma ke cika layin zaɓe tun da sanyin safiya. Duk ɗan takarar da ya zo da alƙawarin kula da lafiyar mata, ya dace a tambaye shi ko alƙawarin nasa ya haɗa da macen da ta gama haihuwa.