Kada gayu ya cuci ƙafarka



Ina aji biyu a sakandaren kwana, Baba ya auna ƙafata da tsinken tsintsiya, ya tafi kasuwa ya sayo mini kambas. Tsawon ya yi daidai, amma tsinke ba ya auna faɗi. Takalmin ya matse ni, ni kuwa saboda kyansa na yi shiru. Kafin sati biyu bororo ya fito mini a dunduniya, ya fashe, ya yi ruwa. Ranar gasar tsere ina zaune a benci ina kallon abokaina.

Kowace ƙafa tana da ƙasusuwa 26, kuma a shekarunku yawanci ba ta gama girma ba. Takalmin bara ba lallai ya shige ka bana ba. Don haka idan za a sayo, ka roƙi Baba ko Mama su tafi da kai. Ku je da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. Ka sa safar da za ka riƙa sawa, ka gwada ƙafa biyun, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. Ka miƙe tsaye, ka tabbata akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannunka tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmin. Ka ɗan taka. In mai kaya ya ce “zai buɗe”, kada ka yarda. Wanda ya yi yawa ma matsala ne, ƙafa na zamewa a ciki tana gogar fata.

’Yan mata, mai tsini ba na zuwa makaranta ba ne.

Sai tsabta. Bayan wanka ko alwala, ka tsane tsakanin yatsu kafin ka sa safa, domin danshi ne ke jawo ƙaiƙayi da wari. Canza safa kullum. Yanke farce a miƙe, kada ka ƙwaƙule gefensa, don kada ya shige nama. Da hunturu ka shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso. Kada ka shiga bayi ko gona ba takalmi, akwai tsutsar ciki da ke shiga jiki ta fatar ƙafa.

In ciwo ya kumbura ko ya fara mugunya, ka tafi ɗakin shan magani a ranar. Ni ɓoyewa na yi, ga abin da ya jawo mini.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.