ZANCEN ZANGO: Wuƙar mazan jiya, gangariya da kwaikwayo

Abin da ya jawo zancenmu na wannan wata shi ne, wani matashi daga Maamobi ya kawo mana wata wuƙa yana ta murna, wai dillali ya rantse masa cewa da ita aka yi yaƙin Bama. Ya ce ya saye ta ne don ya rataye kusa da hoton marigayi kakansa, wanda ya yi soja a zamanin yaƙin Hitila. Da muka jujjuya ta sai muka ga tsatsar jikinta ta haɗi ce, kuben kuma ko warin sabuwar fata bai bar shi ba. An karɓe masa kuɗin gangariya an ba shi jabu. Niyyarsa dai mai kyau ce, saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani don masu irin wannan buri.

Da farko mu san abin da ake kwaikwaya. Wuƙar da ta fi suna a cikin wuƙaƙen sojan Ingila ita ce Fairbairn-Sykes, wadda ta samo sunanta daga Turawa biyu da suka yi aiki da 'yan sandan Shanghai ta ƙasar Sin. Kamfanin Wilkinson Sword ya fara ƙera ta a 1941 don sojojin kwamanda. Siririya ce mai kaifi biyu, tsawon ruwanta wajen inci 7. Samfuri uku aka yi. Na farko kaɗan aka ƙera, shi ya sa yake da ɗan karen tsada, 'yan damfara kuma suka fi yin jabunsa. Na uku, mai mariƙi da zobe-zobe, ya fito a 1943, har yau ana yin sababbinsa a Sheffield. Sai Ka-Bar ta sojan ruwan Amurka, wadda aka amince da ita a 1942, mai kaifi ɗaya da mariƙin fata. Ta uku ita ce kukri, lanƙwasasshiyar wuƙar nan ta Gurka mutanen Nepal, waɗanda su ma suka yi yaƙi a Bama.

To, amma kakanninmu fa, me suka riƙe? Tun lokacin da Kyaftin Glover ya kawo Hausawansa daga Ikko a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, Hausa ta samu gindin zama a barikin soja na ƙasar nan. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Bama, suka yi gumurzu a kwarin Kaladan, suka kama Myohaung a Janairun 1945. Daga nan Burma Camp ta nan Akra da barikin Myohaung na Takoradi suka samo suna. Waɗannan bayin Allah ba kwamanda ba ne. Banda bindiga, abin da suka fi dogara da shi adda ce, da ita suka sare daji suka buɗe hanyar mota mai tsawon fiye da mil 70 zuwa Kaladan. Wato ke nan wanda yake son tuna kakansa bisa gaskiya, adda ta fi kusa da tarihinsa, ga ta kuwa a kowace kasuwa, ba sai an yi oda daga Turai ba.

Duk da haka, wanda ransa ya biya ga wuƙar, ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, a nemi wadda mai sayarwa ya faɗa da bakinsa cewa kwaikwayo ce. Kwaikwayo ba abin kunya ba ne, sayar da shi da sunan gangariya shi ne ha'inci. Kada hatimi ya ruɗe ku. Alamar kibiya da gwamnatin Ingila ke bugawa a kayanta, kowane maƙeri yana iya buga ta. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu, a duba wutsiyar ƙarfen da ta shige cikin mariƙi. A wuƙar kirki ruwa da wutsiya ƙarfe guda ne, a ta banza kuwa ɗan siririn ƙarfe ake liƙawa da walda, nan take karyewa. A girgiza ta, in an ji wani abu yana motsi, a mayar wa mai ita.

Na uku, a tambayi irin ƙarfen. Na asali baƙin ƙarfe ne mai riƙe kaifi, amma yana tsatsa, mu kuwa ga mu a bakin teku. Sai a riƙa shafa masa man keken ɗinki, kuma kada a bar shi cikin kuben fata wata da watanni, don fata tana riƙe danshi. Wanda ba zai iya wannan ɗawainiya ba ya sayi mara tsatsa, tun da ado ake nema.

Na huɗu, kada a yi cinikin biri a sama. Hoto a waya ba ya nuna nauyi, ba ya nuna ko ruwan ya karkace. Arha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Na biyar, kada mu raina namu. Maƙeran Nepal da yawa da sifirin ɗin tsohuwar mota suke ƙera kukri, shi ne kuma ƙarfen da maƙeranmu suka saba da shi. A kai wa maƙeri hoto da awo, a kai wa baduku ya ɗinka kube, kuɗin ya tsaya a Zango.

Sauran magana guda, ita ce mafi nauyi. Wannan wuƙa ta bango ce ko ta akwati, ba ta ƙugu ba. Sashe na 206 na dokar manyan laifuffuka ta 1960 ya hana yawo da makami a bainar jama'a ba da hujja ba, kuma ɗan sanda ba zai tsaya jin tarihin kakan kowa ba. Ba mu manta da faɗan 'yan daba na Janairun 2022 tsakanin Nima da Maamobi ba, da yadda ya shafa wa unguwanninmu kashin kaji a idon ƙasa. Iyaye, in yaro ya shigo da irin wannan wuƙa, a tambaye shi inda ya samo ta da abin da zai yi da ita, a kuma ajiye ta inda hannun ƙanana ba ya kaiwa.

Shi kuwa matashinmu, mun ba shi shawara ya rataye tasa a matsayin abin da take, wato kwaikwayo, ya sa adda a gefenta, sannan ran 11 ga Nuwamba ya je maƙabartar soja ta Osu inda ake taron tunawa da mazan jiya, ya yi wa kakansa addu'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya shirya mana zuriya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.