Murjani na korar abokin zamansa, su kuma suna ta haƙar kwal

Na san wani zai ce: mu da ko gaɓar teku ba mu da ita, mi ya haɗa mu da murjani? Tsaya ka ji tukuna.

Murjanin da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin teku ba dutse ba ne. Wata ƴar mitsitsiyar dabba ce, dangin wanda kakanninmu mata ke ratayawa a wuya. Cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka da ido bai gani, kuma zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi: shi ya ba ta masauki da taki, ita ta ɗauki hasken rana ta dafa mishi abinci, har kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da yake rayuwa da shi. Kalarsa ma tata ce. To in zafin ruwa ya ɗara wanda suka saba da digiri ɗaya tak, ya ɗauki makonni a haka, sai gansakukar ta fara fidda guba, shi kuma ya kore ta. Ya koma fari fat. Bai mutu ba tukun, amma yunwa ta kama shi, in ruwa bai huce ba shi ke nan.

Abin bai tsaya kansu su biyu ba. Akwai ƙananan ƙaguwa da ke zaune cikin rassansa, suna cin yauƙin da yake fiddawa, suna share mishi laka, suna mintsinin wani tauraron teku mai ƙaya da ke zuwa cinsa. Maigida ya talauce, masu gadi su rame ko su watse.

Sau huɗu ke nan wannan farin yana game tekunan duniya: 1998, 2010, 2014 zuwa 2017, sai na huɗu da aka tabbatar a watan Afrilun 2024. Ku tuna watan nan. Shi ne ma'aunin zafi ya kai 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, mu ma nan muka sha namu cikin azumi. Hayaƙi ɗaya ne ya dafa ruwansu, ya gasa mu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin da ake tallata mana. Wai a reni murjani kamar ƴaƴan itace a dasa. Hotunan na da kyau, ban musa ba, kuma masu aikin ba maƙaryata ba ne. Amma a watan Yulin 2023 ruwan wani lungu a kudancin Fulorida ta Amurka ya haura digiri 38, murjanin da aka yi shekaru ana dasawa ya mace, sauran sai kwashe shi aka yi zuwa tankuna a tudu. Wa ke dashe cikin tukunyar da ke kan wuta?

Ku dubi Ostareliya. Ita ke da shingen murjani mafi girma a duniya, kilomita 2,300, ya yi fari a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. A jihar da shingen yake, Kwinsland, aka ba da izinin buɗe sabuwar mahaƙar kwal ta Carmichael a 2019. Hannun dama na raba kuɗin ceton murjani, na hagu na loda jiragen kwal. Alhali tun 2018 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya faɗa musu ƙiri-ƙiri: in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na murjanin nan zai tafi. In ta kai 2, sama da kashi 99.